Umarnin kotu ba shawara ba ce: jawabin da na gabatar a zamanmu na Nasarawa Burkullu

Dattawanmu, iyayenmu mata, matasa, da 'yan'uwan da suka taso daga Anka da Gummi da Bukkuyum, sannunku da zuwa.

Yau maganar aljihunku na kawo. Wata damina na sayi taki buhu uku wajen wani dila. Da na buɗe a gona, wallahi kusan rabi yashi ne. Na koma masa, ya ce in je duk inda zan je. Ya san ko an yi hukunci, ba lallai a tilasta masa ba. To, wannan raini shi ne batunmu.

Akwai doka. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, tare da kotu ta musamman mai sauraron irin waɗannan ƙararraki. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta garƙame kantin Sahad a Abuja, bisa zargin farashin da ke jikin kaya daban, wanda ake karɓa wajen biya daban.

Ga misali da ya taɓa masu gidajen kallon ƙwallo a garin nan. A watan Afrilun 2024 waccan kotu ta hana kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ƙara kuɗin kallo daga 1 ga Mayu. Kamfanin ya ƙara abinsa. Ranar 7 ga Yuni kotun ta ci shi tarar naira miliyan 150, ta ce a ba masu kallo wata ɗaya kyauta. Mutane suka yi murna. Kamfanin ya ce zai ɗaukaka ƙara, a watan Yuli lauyan da ya kai ƙarar ya janye, kotun ta kori shari'ar. A Maris 2025 aka sake ƙarin kuɗi. Kun gani?

Shin kotu tana iya ɗaure wanda ya raina umarninta? Ƙwarai kuwa. Sashe na 287 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum aiwatar da hukuncin kotu. Hanyar ma sananniya ce: a kai wa mutum takardar gargaɗi da lauyoyi ke kira fom 48, in ya yi kunnen ƙashi a bi shi da fom 49, ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a kai shi gidan yari. A Nuwamban 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Usman Alkali Baba, ɗaurin wata uku kan ƙin bin umarni. Daga baya aka soke hukuncin.

Nan gizo ke saƙa. Mai tireda a kasuwarmu, sammaci ɗaya ya ishe shi rufe shago ya ruga kotu. Babba kuwa ya ɗauki lauyoyi, ya ja lokaci har mai ƙara ya gaji. Tara ba ta tsorata wanda ribarsa ta ninka tarar. In dai an tabbatar da gangan aka take umarni, to shugaban da ya sa hannu shi ya kamata ya tsaya gaban alƙali, ba sunan kamfani kawai ba.

Mu ma da aikinmu. Ka sayi taki, magani ko irin shuka, karɓi rasit. Ajiye buhun da kwalin. In an cuce ku, ku haɗu ku goma ku kai ƙara tare, don mutum ɗaya shi ake gajiyarwa. Ni da na riƙe rasit a waccan damina, da magana ta sha bamban.

Duk mai neman ƙuri'armu kuma, mu tambaye shi: in kotu ta yanke hukunci a kan mutuminka, za ka bi?

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, Ya sa albarka a gonakinmu.