Ido da Lissafi: Sana'ar Shirya Fim da Matasan Ƙasar Daura



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne sana'ar shirya fim, watau yadda mutum zai riƙe ta ta ciyar da shi, da kuma irin tunanin da ya kamata mai yin ta ya kasance da shi. Zan gina jawabin a kan ƙasar Daura, domin a shekarar 2024 an fito da wani fim mai suna Mai Martaba, wanda Prince Daniel Aboki ya ba da umarni, aka kuwa ɗauke shi a Daura. Shi ne Nijeriya ta aika gasar Oscar ta Amurka a wannan shekara. Bai shiga cikin goma sha biyar da aka tace ba, amma ya nuna cewa gine-ginen ƙasar nan da dawakinta da mutanenta abin kallo ne a idon duniya. Tambayar ita ce, yaushe ɗan Baure ko ɗan Babban Mutum zai tashi daga mai riƙe wa baƙi linzami ya zama mai riƙe da kyamara?

Bari mu waiwayi tarihi kaɗan. Iyayenmu sun fara ganin fim ne ta majigi, wanda gwamnatin Jihar Arewa take yawo da shi a mota gari gari, ana nuna irin su Baban Larai don a ƙarfafa noman auduga. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim. Duk waɗannan da kuɗin hukuma aka yi su, ba wanda ya damu da riba. Ciniki bai shigo sosai ba sai a 1990, sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Kafin shekara goma harka ta bunƙasa, har a 1999 aka sami Sangaya, aka kuma laƙaba wa masana'antar suna Kannywood.

To, a nan darasin yake. A zamanin kaset, mai shirya fim yakan buga kwalayen fim ɗinsa ya kai wa 'yan kasuwa, irin na Ƙofar Wambai a Kano, su kuwa su yi ta kwafa suna sayarwa. Da faifan sidi ya zo, satar fasaha ta yi yawa. Daga baya masu tura fim a waya suka cika kasuwanni, kasuwar faifai ta mutu, kamfanoni da dama suka bi ta. Waɗanda suka tsira su ne suka koma talabijin, musamman bayan buɗe Arewa24 a 2014, da kuma YouTube, inda shiri mai dogon zango irin su Izzar So ya sami masu kallo tun daga 2020. A kowane zamani, wanda ya riƙe hanyar isa ga mai kallo shi ya ci riba. Saboda haka kada kowa ya sayi kyamara kafin ya san wanda zai biya shi.

Wannan ya kawo mu ga lissafi. Ɗalibin da yake son kafa kamfani kada ya fara da fim ɗin sarakuna. Ya fara da abin da garinsu yake biya, watau ɗaukar biki da suna da naɗin sarauta da tallar 'yan kasuwa. Kafin ya faɗi farashi, ya lissafa hayar kayan aiki, da man janareta, da kuɗin mota, da abincin ma'aikata, da kwanakin da zai yi yana haɗa hoto a kwamfuta, gama wannan na ƙarshe shi ne aka fi mantawa da shi. Ya karɓi kafin alƙalami, a rubuta yarjejeniya ko da ɗan'uwansa ne, ya kuma raba aljihunsa da na kamfani. Wanda ya sa rai ga YouTube kuwa ya sani ba a fara biyansa kuɗin talla sai ya cika sharuɗɗa, ciki har da mabiya 1,000. Kafin nan, da me zai ci?

Sai kuma ido. Wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ta fi kyamarar da aka ɗauki Turmin Danya kyawun hoto, don haka kayan aiki ba su ne suka yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai lura. Mai shirya fim na ƙwarai yakan zauna a kasuwa ya ga yadda dillali yake ɓoye hannu cikin riga, ya ji yadda tsohuwa take ba da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, ya san lokacin da hasken rana yake yi wa fuska kyau. Yakan rubuta labarinsa ya gyara kafin ya tara mutane, yakan kula da sauti kamar yadda yake kula da hoto, domin mai kallo yana haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Kwaikwayon Indiya ba zai kai shi ko'ina ba, tun da masu abin sun fi shi iyawa. Babban Mutum tana bakin iyaka, Magariya na tsallake, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Rayuwar mutanen da iyaka ta ratsa ta tsakiyarsu labari ne wanda ba mai iya ba da shi kamar ɗan wurin, masu kallonsa kuma suna ƙasashe biyu.

Ku kuma ma'aikatan hukuma, kuna da rabo a wannan aiki. Idan ma'aikatarku za ta yi fim ɗin wayar da kai a kan rigakafi ko noma, ku nemi yaran ƙasa masu iyawa, ku biya su a kan kari, ku kuma adana abin da aka ɗauka. Hawan Sallar Daura da aka ɗauka bana, nan da shekara hamsin tarihi ne.

Daga ƙarshe, ina jan hankalin ɗalibai cewa sana'ar nan ana koyonta, ko a Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, ko a hannun gwani. Mai ido ba lissafi zai yi fim ɗaya ya karye, mai lissafi ba ido kuma zai yi goma ba wanda zai tuna da ko ɗaya. Sai an haɗa biyun sana'a take tsayuwa.