Jawabin Shugabar Mata: Gigin Tsufa, Tun Muna Shekara 40 Ake Tare Shi

Iyayena mata, 'yan uwana shugabannin mata na mazaɓun Dutsin-Ma da Kurfi. Ga jawabin da na yi a zamanmu, na sa an rubuto shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wadda karatu ke ba ta wahala, ɗiyarta ta karanta mata.

Yau ba maganar kati ko anko na zo da ita ba. Maganar ƙwaƙwalwarmu ce.

Kowaccenmu ta san wata tsohuwa da ta fara ajiye kuɗi ta manta, ta ce surukarta ta sace. Ta ci tuwo yanzu, an jima ta rantse ba a ba ta ba. Wata ta fita da asuba wai za ta gidan ubanta, alhali uban ya rasu shekara 40. Mu kan ce gigin tsufa ne, mu yi shiru. Wasu su ce aljanu. Mafi muni, idan ba ta da ɗa namiji mai tsaya mata, sai a fara raɗe-raɗin mayya ce, yara su bi ta da jifa. Wallahi wannan zalunci ne. Ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ciwon ƙoda ko na hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da shi, fiye da rabinsu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Mata ya fi kamawa, kuma mata ne ke jinyar.

A shekarar 2024, wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta Ingila ta kafa ya fitar da rahoto. Sun lissafo abubuwa 14 da ke jawo ciwon, suka ce da za a kawar da su, kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa za a iya hana musu shi ko a jinkirta. Ku fahimce ni, ba su ce wadda ta kiyaye ba za ta taɓa kamuwa ba. Shekaru da gado suna da nasu rabon, wannan sai addu'a. Amma kusan rabi ba ƙaramin abu ba ne.

Kada wata ta ce binciken Turawa ne. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan suka haɗa kai da na Amurka, suka bi tsofaffin Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis shekara da shekaru. Na Ibadan ba su kai rabin na Amurka saurin kamuwa ba, kuma a lokacin hawan jini da ciwon suga sun fi yawa a wajen na Amurkan. To yau fa? Ku leƙa layin masu hawan jini a babban asibitin Dutsin-Ma ku gani.

Nan nake so mu tsaya. Hawan jini ba ya sallama. Mace tana daka, tana surfe, tana zuwa biki, shi kuwa yana ta lalata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a hankali. Wani lokaci ya zo da shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci ba a ganin komai sai bayan shekara 20, mantuwa ta fara. Shi ya sa masanan suka ce daga shekara 40, lambar sama ta awon jini kada ta wuce 130. Idan kullum aka auna ki ana samun 140 bisa 90 ko sama, kina da shi, ko da kanki bai taɓa sarawa ba. Ke da kike karanta wannan, yaushe rabonki da awo? Da yawanmu tun awon cikin auta.

Sai kuma halinmu na mata: a ba ki magani, ki sha sati biyu, ki ji garau, ki ajiye. Ko maƙwabciya ta ce ai tafarnuwa da zoɓo sun isa. Ki sha zoɓonki, ban hana ba, amma maganin hawan jini ba a barin shi sai da izinin likita. Haka na suga.

Tukunya kuma a hannunmu take. Gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, gram 5. Mu kuwa miya ɗaya sai ta sha dunƙule huɗu, ga gishiri, ga farin magi, ga yaji mai gishiri a gefe. A rage dunƙule, a ƙara daddawa. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar masu jego, don haka iyayena masu kula da jego, a sassauta.

Akwai biyu da suka ba ni mamaki a cikin 14 ɗin: kunne da ido. Tsohuwar da ba ta ji sosai sai ta daina shiga hira, wadda yanar ido ta rufe sai ta daina fita. Ta koma ɗaki, ƙwaƙwalwa ta rasa abin yi. Alhali yanar ido aiki ake yi a cire, wani rashin jin kuma dattin kunne ne kawai ya toshe. A kai su a duba, kada a ce ai tsufa ne.

Kaɗaici da damuwa suna ciki su ma. Kun san yadda rashin tsaro ya taso iyayenmu daga ƙauyuka, wasu sun rasa miji, wasu ɗa, suna raɓe a gidajen dangi cikin gari ba su san kowa ba. Irin waɗannan a ja su Islamiyyar matan aure, a je da su suna da gaisuwa, a ba su tsintar wake cikin mutane. Harda da koyon sabon abu motsa ƙwaƙwalwa ne. Rashin karatu tun ƙuruciya ma yana cikin jerin, to mai shirin cire ɗiyarta daga makaranta ta ji. Hayaƙin itace a rufaffen madafi shi ma a kula, a yi girki inda iska ke shiga.

Abu ɗaya kada ku haɗa da gigin tsufa: wanda ya ruɗe farat ɗaya, jiya lafiya yau bai san kowa ba, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe. Wannan asibiti ne a ranar, ba a kwana. Shi kuwa mai mantuwar da ke ƙaruwa a hankali, a kai shi likita ya duba, in ta kama a tura ku asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. A gida kada a yi musu da ita. Ta ce ba ta ci ba, a ɗan ƙara mata. A saka takarda mai lambar wayar ɗanta a lalitarta.

Ga aikin da na ɗora mana. Kowace shugabar mazaɓa, daga Karofi, Kuki, Shema da Makera har Birchi, Tsauri, Wurma da Rawayau, ta nemo ma'aikaciyar lafiya ɗaya daga asibitin mazaɓarta mai na'urar awon jini. A zamanku na gaba, kafin a buɗe taro, a auna duk wadda ta kai 40, ko 'yar jam'iyya ce ko ba ita ba ce. Kowacce a rubuta mata lambarta a takarda ta riƙe, ba a sanar a bainar jama'a ba. Ni adadi kawai za ku turo mini: nawa aka auna, nawa aka tura asibiti. Da shi za mu je wajen kansiloli da shugabannin ƙananan hukumominmu biyu mu nemi na'urori da magani. Ina jiran saƙonku kafin ƙarshen wata. Wassalam.