Fensirin da na ajiye shekara ashirin

Shugaban taro, iyayenmu da malamanmu, 'yan'uwa mazauna Ƙofar Kuyambana.

An gayyato ni ne in yi magana kan kimiyya, tunda an san aikina a Samaru binciken wuta-wuta ne, ciyawar nan mai kyan fure da ke tsotse dawa tun daga saiwa. Ku yi mini afuwa, yau kan zane zan tsaya.

Ina yaro babu bangon da ya tsira daga gawayina: dokin hawan Sallah, jirgin sama, motar Kaduna. Da muka kai aji huɗu a sakandare aka ware masu kimiyya gefe guda. Wata rana wani malami ya kama ni ina zane a bayan littafina, ya ce wannan sana'ar wanda lissafi ya gagara ce. Na yarda da shi, na ajiye fensir, har shekara ashirin.

Abin da ya dawo da ni ba wani abin a zo a gani ba ne. Tayar babur ɗina ce ta sace a nan bakin ƙofa. Ina zaune a bencin mai faci, waya ba caji, sai na ciro biro da wani tsohon rasit na fara zana soron da ke tsallaken titi. Hannu ya yi tsami, layi sai karkacewa yake. Amma ba wannan ya ba ni kunya ba. Kullum ta nan nake wucewa, ban taɓa lura cewa zanko ɗaya ya fi ɗan'uwansa gajarta ba, ko yadda ruwan indararo ya ci bangon har tubali ya fito.

Washegari a ɗakin gwaji na gane haka nake yi wa aikina. Ina da hotunan saiwa ɗaruruwa a kwamfuta, na ɗauka ban kalla ba. Kyamara ba ta tambayarka komai. Fensir kuwa ba ya motsi sai ka yanke hukunci: a ina saiwar dawa ta ƙare, a ina ta wuta-wuta ta soma?

Santiago Ramón y Cajal, likitan Sifaniya da ya sami kyautar Nobel a 1906, da hannunsa ya zana ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, kuma har gobe ɗalibai na karatu da zanen nan. Shi ma mahaifinsa bai so zanen ba. Amma me zai kai mu Turai? Ku shiga Masallacin Juma'a ku ɗaga kai ku dubi bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura da azara da ƙasa zamanin Sarki Abdulkarim. Wanda ya san nauyin da azara za ta ɗauka, shi ne dai ya ƙawata ginshiƙan. A garin nan kuma, a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar zanensu, a kwalejin da sunanta ma ya haɗa fasaha da kimiyya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Na ga wani ya ɗaga gira, na san tambayar: zanen mai rai fa? Wannan ta malamai ce, ga su nan zaune. Ni dai ganye da saiwa da tsofaffin soraye sun ishe ni.

Yanzu ɗalibaina sai sun zana kafin su ɗauki hoto. Suna gunaguni, ina jinsu. Ranar Asabar da safe kuma ina nan a bencin nan da littafina. Makon jiya mai facin ya leƙo, ya yi shiru, sannan ya ce, "Dakta, zankon nan naka ya fi na gaskiya tsawo." Na duba, haka ne.