Toshiya da Sojan Gona a Saƙon Tauraron Ɗan Adam: Darasi ga Ƙasar Daura

A zamanin da, in ayarin fatake ya tashi daga Daura ya nufi Damagaram, madugu ne idon tafiya. Ya san rijiyoyi, ya san itatuwan hanya, ya kuma san lokacin fitowar Gamzaki. A yau wannan aiki ya koma hannun taurarin ɗan Adam, musamman tsarin GPS na Amurka, wanda taurarinsa ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowane tauraro yana aiko da lokaci da matsayinsa, na'ura kuwa sai ta ji aƙalla huɗu kafin ta lissafa inda take. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana iya kautar da lissafin da mita 300.

Raunin tsarin shi ne, kafin saƙon ya iso ƙasa ya riga ya galabaita, ya zama kamar raɗa a tsakiyar kasuwa. Daga nan ɓarna iri biyu ta samu ƙofa. Ta farko ita ce toshiya, wato a watsa hayaniya a kan zangon da saƙon ke bi har na'ura ta kurumce. Ta biyu, wadda ya dace a kira ta sojan gona, ita ce a ƙirƙiro saƙon jabu mai kama da na gaskiya, na'ura ta karɓa ta bi. Wanda aka toshe ya san ya makance. Wanda aka yi wa sojan gona kuwa yana tafe da ƙwarin gwiwa, alhali ya saki hanya.

Abin ya sha faruwa. A 2013, Todd Humphreys na Jami'ar Texas da ɗalibansa sun karkatar da wani jirgin ruwa a Bahar Rum da saƙon jabu, a matsayin gwaji. A Yunin 2017, jiragen ruwa fiye da 20 a Bahar Aswad sun ga na'urorinsu na nuna wai suna filin jirgin saman Gelendzhik, can kan tudu. A Afrilun 2024, kamfanin Finnair ya dakatar da sauka a garin Tartu na Estoniya saboda irin wannan katsalandan.

To, yaya ake ganewa? Toshiya tana tona kanta, domin ƙarfin hayaniya yakan tashi farat ɗaya, taurari su ɓace gaba ɗaya. Sojan gona sai an yi masa tambayar ƙwaƙwaf. Saƙon gaskiya daga kusurwoyin sama dabam-dabam yake zuwa, da ƙarfi mabambanci. Na jabu galibi daga wuri guda yake fitowa. Agogon na'ura yakan yi tsalle ba dalili. Ana kuma gwada GPS da Galileo na Turai, da GLONASS na Rasha, da BeiDou na Sin, da ma'aunin tafiyar abin hawa, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Shaida ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba.

Ina ruwan Daura da wannan? Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ta Daura aka tsara ya bi. A Disambar 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta garin. Manyan motocin da ke ratsa Kwangwalam, da masu safiyon filaye, da turakun sadarwa masu daidaita agogonsu da tauraro, duk a kan wannan raɗa suka dogara.

Saboda haka wajibi ne ɗalibin sufuri ya koyi tuhumar na'urarsa, ma'aikacin safiyo ya adana tsofaffin turakun awo da taswirar takarda, direba kuma ya kai rahoto duk inda na'ura ta rikice. Madugun kirki bai taɓa dogara da alama ɗaya ba.