Sulhun Ranar Biki: Abin Da Fim Yake Nunawa Da Abin Da Yake Tsallakewa

(Laccar da aka gabatar a garin Kafur)

 

Ya 'yan'uwa, maudu'inmu na yau shi ne wani labari da ya zama ruwan dare a finafinan da iyali suke zama su kalla tare, wato labarin ɗa ko 'ya da suka rabu da mahaifinsu shekara da shekaru, har sai da biki ya zo, aka haɗu aka yi kuka, aka yafi juna, fim ya ƙare.

A da, wasannin da muka sani a talabijin su ne irin su Samanja da Karkuzu. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo na Hausa, a 2014 kuma tashar Arewa24 ta fara aiki. Labarin sulhun kuwa ya game duniya. A fim ɗin Indiya na 2001, Kabhi Khushi Kabhie Gham, attajiri ya kori ɗansa saboda ya auri 'yar talaka, bayan shekara 10 ƙanensa ya bi shi Landan ya dawo da shi, aka rufe da biki. A Amurka ma tashar Hallmark ta yi suna da finafinan iyali masu ƙarewa da aure.

Adalci shi ne mu yarda cewa abin da yake jan zukata ga wannan labari alheri ne, domin Allah Ya halicci mutum da son sada zumunci. Ai ƙissar Annabi Yusufu (A.S.) ma ta ƙare ne da haɗuwarsa da mahaifinsa bayan doguwar rabuwa, sai dai 'yan'uwansa sun amsa laifinsu tukuna, sun nemi a nema musu gafara. Wannan mataki shi ne fim yake yawan tsallakewa, yana koya mana cewa ɓarnar shekara 15 hawayen wuni ɗaya suna wanke ta.

To mu dubi gidajenmu. Mutum ya saki mace da goyo, ya tafi ci-rani Legas ko Abuja, ko ma yana nan Malumfashi ko Funtuwa, amma ko tiyar dawa bai taɓa aika wa ba. Yarinya ta tashi agola a gidan wani, ko a hannun kakanninta. Da kaka ta yi, aka sayar da masara da waken suya, aka sa ranar aure, sai ga uba ya bayyana yana neman walicci, wani har da neman a damƙa masa sadaki. Kawun da ya yi ɗawainiya ya ce bai isa ba. Sai ka ga an watse baram-baram, amarya ta tare da baƙin ciki.

Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, sun raba haƙƙoƙin filla-filla. Reno na uwa ne bayan saki, har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Ciyarwa da tufatarwa suna wuyan uba. Walicci nasa ne, amma sadaki haƙƙin amarya ne. Wanda ya riƙe haƙƙin da yake nasa, ya watsar da wanda yake kansa, to ya sani akwai ranar hisabi.

Don haka muna kira ga iyaye maza: wanda yake da ɗa a wani gida, ya ware masa buhunsa tun a gona, ya taka ya je ya gan shi, ya nemi afuwar waɗanda suka riƙe shi, tun ba a fara zancen lefe ba. Iyaye mata kuma ku ji tsoron Allah, kada ku shayar da 'ya'yanku ƙiyayyar ubanninsu. Ku kuma samari da 'yan mata, ku tuna cewa a Suratu Luƙman an umarci ɗa da kyautata zama da iyayensa ko da suna jan sa zuwa shirka, balle uban da sakaci ne laifinsa. Limamai da masu unguwanni, idan an kawo muku goron sa rana, ku tambayi ina mahaifin yarinya, ku zaunar da ɓangarorin biyu tun da sauran watanni.

Masu shirya finafinai kuwa, muna roƙonsu su nuna mana uban da ya dawo ya biya bashin ciyarwa, da 'yar da ta yafe a hankali, domin mai kallo ya san ta inda zai fara.

Allah Ya gyara tsakaninmu da iyayenmu da 'ya'yanmu, Ya jiƙan magabatanmu.