Matan Nyakarambi da Zanen Imigongo



An nemi in yi magana a kan mata da zane da warakar zuciya. Zan kai ku gabashin ƙasar Ruwanda, garin Nyakarambi da ke gundumar Kirehe, a kan hanyar Rusumo, bakin iyakar Tanzaniya.

Daga Afrilu zuwa Yuli na 1994, cikin kwana kusan 100, an kashe mutane kimanin 800,000 a Ruwanda bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi. Wani rahoton majalisar na 1996 ya ƙiyasta cewa an yi wa mata tsakanin 250,000 da 500,000 fyaɗe. Da ƙura ta lafa, sai ga mace ba miji, ba 'ya'ya, wani lokaci wanda ya kashe su maƙwabcinta ne, kuma rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. Wa za ta kai wa kuka? Ko babban asibitin masu taɓin hankali na Ndera kisan bai ƙyale shi ba. Dole matan suka nemi juna. A 1995 zawarawa 50 suka kafa ƙungiyar AVEGA. A Nyakarambi kuwa, wasu suka koma ga sana'ar kakanninsu da ta kusa ɓacewa, wato zanen imigongo, a ƙungiyar gama kai mai suna Kakira.

Tarihin baka ya ce Kakira, ɗan Sarki Kimenyi na masarautar Gisaka, shi ya fara ƙawata bangon ɗaki da wannan zane, daga baya ya zama aikin mata. Ana cuɗa kashin ɗan maraƙi da toka, tokar ta kashe wari ta kuma ƙara masa ƙarfi. A ja layuka da gawayi a kan allon katako, sannan a bi layin da yatsu ana ɗora kwaɓin, ana tsuke shi har ya yi tudu. A bar shi ya bushe, a goge, sai launi: fari daga farar ƙasa, ja daga jar ƙasa, baƙi daga tokar ɓawon ayaba da ruwan wasu tsirrai. Na san wani zai yamutsa fuska da jin kashin shanu. To, maginanmu ma sun daɗe suna sa shi a yaɓe. Zanen gargajiyar kuma zubi ne na layuka da kusurwoyi da murɗe-murɗe, babu hoton mai rai a ciki.

Ku lura da tsarin aikin, domin a nan maganata take. Allo ɗaya yana cin kwanaki. Ba ya son gaggawa, kuma ba ya hana hira. Mace tana zaune, idonta na kan layi, yatsunta na aiki, 'yar'uwarta na gefe. Babu wanda ya ce mata, “Ba mu labarin abin da ya same ki.” In ta ga dama ta yi shiru har a tashi, ba a ce ta yi laifi ba. Wata rana kuma maganar ta fito da kanta, ga wadda ta ɗanɗani irin wannan ɗacin, ba tare da an haɗa ido ba. Duk wanda ya taɓa zama da wadda aka ci wa zarafi ya san tambaya kai tsaye rufe mata baki take yi.

Masana a Turai sun lura da wani ɓangare na wannan. Adrian Hill, mai zane ɗan Ingila, yana jinyar tarin fuka ya ga yadda zane ke ɗauke hankalin majinyaci daga ciwonsa, shi ne a 1942 ya fara kiran abin da sunan magani. Amma matan Nyakarambi sun ƙara abu biyu: zama tare, da kuɗin shiga. Allon da aka sayar shi ne kuɗin makarantar maraya. Wadda jiya ake kallo da idon tausayi, yau gwana ce da ake zuwa koyo a wurinta.

Ban ce zane yana maye gurbin likita ba, ko shari'a. Wadda aka sa wa cutar ƙanjamau magani take bukata, wadda aka kashe wa miji tana bukatar a hukunta mai laifi. Akwai kuma abin da nake tsoro. Imigongo ya yi kasuwa, yana rataye a otal-otal na Kigali. Idan ciniki ya sa aka raba aikin, kowace ta koma ɗakinta tana cika odar dillali ita kaɗai, za a samu allo, a rasa abin da ya tara su.

Mu ma ba baƙin irin wannan zama tare ba ne. Iyayenmu mata sun san daɓen ɗaki: a gayyato maƙwabta, a yayyafa makuba, a yi ta duka da madaɓi ana waƙa, kowace tana sauke abin da ke ranta cikin waƙar. Siminti ya zo, taron ya watse, ba mu kuma tanadi madadinsa ba. Yanzu ga dubban mata a Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da aka kashe wa mazaje. Abin da muka fi yi musu shi ne horo na 'yan makonni, a miƙa keken ɗinki, a ɗauki hoto, kowace ta koma gida da kaɗaicinta.

Ina roƙon ƙungiyoyi da hukumomi da masu hali da ke zauren nan: duk shirin koyar da sana'a da za ku yi wa waɗannan mata, ku sa kuɗin wurin zama a cikin kasafinsa. Rumfa ce ko aji ɗaya, da rana tsayayya a kowane mako, lalle za su zana ko ƙwarya za su sassaƙa, kuma ku bar ragamar a hannunsu.