Yaron da ba ya son taka ƙasa

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a madadin mata 'yan kasuwa masu zuwa ajin yaƙi da jahilci. Maganar adashi da jari wasu za su yi ta. Mu kuwa mun zaɓi wata da ke damun uwa a rumfarta kullum, amma ba a cika kawo ta taro ba: maganar yaron da ba ya son taka ƙasa.

Duk mun san irinsa. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi ko biyu, lafiyarsa ƙalau, yana tafiya a ɗaki, yana gudu a kan siminti. Amma da an sauke shi a kan yashi ko ciyawa, sai ya naɗe ƙafafu kamar an ɗora shi a kan wuta. Wani ya ɗage ƙafa ɗaya ya tsaya yana kuka. Wani in laka ta taɓa masa hannu, sai ya miƙe yatsu yana kallon su, ba zai yi shiru ba sai an goge. Nan da nan bakin mutane ya buɗe. Wannan ta ce shagwaɓa ce, waccan ta ce uwar ce ta ɓata shi da goyo, wata ma ta rage murya ta ce a bincika ko iska ce.

Abin ba ƙarami ba ne ga mai sana'a. Uwar da ɗanta ba ya sauka, tun safe har la'asar yana bayanta. Da shi take awo, da shi take durƙuso, da shi take ba da canji. Baya ya ƙage, ciniki ya ragu, rai ya ɓaci. In rai ya ɓaci kuwa, kun san inda ake hucewa. Shi ma yaron yana asara, domin a ƙasa 'yan uwansa suke tuwon ƙasa, suke haƙa rami, suke koyon magana da rabon kayan wasa. Shi yana sama yana kallo.

To, ga abin da muke so kowa ya tafi da shi yau. Yaron nan da gaske yake. Tafin ƙafa da tafin hannu cike suke da jijiyoyin jin taɓi, kuma fatar yaro ba ta yi kauri irin tamu ba. Mu da muka shekara arba'in muna taka ƙasa, har ƙaya muke takawa mu cire mu wuce. Shi kuwa jiya-jiya ya sauko daga zanen goyo da tabarma. Bayan haka kuma halitta ta bambanta. Kamar yadda a gida ɗaya wani ke cin yaji da cokali, wani kuma ɗan kaɗan ya sa shi hawaye, haka jin taɓi yake. Ƙaiƙayin ciyawa da wani yaro bai ma lura da shi ba, a jikin wani kamar allurai ne.

Kafin mu ce yaro na da tsoro, mu fara duba ko shi ne da gaskiya. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a garuruwanmu, kuma yashi da siminti sun fi iska zafi nesa ba kusa ba. Ki ɗora bayan hannunki a ƙasa ki ƙirga biyar. In ba ki iya jurewa ba, to ba wurin ƙafar yaro ba ne. Da kaka akwai ƙarangiya da tsidau a cikin ciyawa. Da hunturu fata na bushewa ta tsage, yashi ya shiga tsagar ya yi zogi. Mu juya ƙafar yaro mu duba tsakanin yatsu, ko akwai ƙaya, ko ƙuraje, ko cizon tururuwa. In bushewa ce, man kaɗanya ko basilin bayan wanka ya wadatar. Sau da yawa ƙaya ɗaya ce ta taɓa sukar yaro, mu mun manta, shi bai manta ba. Ai wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

In mun duba babu komai, sai mu koma ga lallashi, mataki-mataki. Kayan aikin duk suna rumfunanmu, ba sai an sayi wani abu ba.

Mu fara da hannu kafin ƙafa, mu fara da busasshe kafin jiƙaƙƙe. A zuba gero ko shinkafa a faranti ko ƙwarya, uwa ta sa nata hannun tana wasa, yana kan cinyarta yana kallo. Kada a kama hannunsa a cusa. A ba shi ludayi ko murfin kwano ya riƙa ɗiba yana zubarwa. Ranar farko da ludayi zai taɓa, wata rana da yatsa ɗaya, wata rana ki ga ya nutsa hannun duka. Amma fa ido na kansa, kuma ban da wake da gyaɗa da masara ga ƙananan nan, domin suna turawa a hanci da kunne, suna kuma iya shaƙe su.

Daga hatsi sai yashi mai tsabta, wanda aka tankaɗe. Daga busasshen yashi sai mai ɗan danshi, daga nan sai laka ko yumɓu. A ajiye ruwa a buta da tsumma kusa da shi. Yaron da ya san yana miƙa hannu za a goge masa, ya fi yarda ya taɓa.

Wajen ƙafa kuma, tabarma ita ce gidansa. A shimfiɗa ta a inuwa, da safe ko bayan la'asar, a zaunar da shi a kai, a ajiye abin wasansa a bakin tabarmar. Gobe a matsar da shi taku ɗaya cikin ƙasa, jibi taku biyu. A bar masa takalminsa. In ya saba, a koma safa, daga baya a cire ƙafa ɗaya. Duk lokacin da ya so komawa kan tabarma, a ƙyale shi ya koma. Minti biyar kullum ya fi awa guda sau ɗaya a mako. Kuma babu malamin da ya kai yayyensa. In ya ga Yaya tana tuƙa tuwon ƙasa tana rabawa a gutsuren ƙwarya, kwaɗayin wasa zai ja shi inda lallashinmu bai kai shi ba.

Abin da ke mayar da aikin baya guda uku ne: a dangwara shi a ƙasa da ƙarfi a ce ya saba, a yi masa dariya a gaban mutane, ko a dake shi. Yaron da aka yi wa haka yakan daina kuka wani lokaci, amma tsoron na nan, har ya ƙara da tsoron mai sauke shi. Iyayenmu kakanni, mun san kun raini yara da yawa kuma muna neman albarkarku, amma a wannan a taya mu da haƙuri. Iyaye maza ma, in kun dawo da yamma, ku zauna a bakin tabarmar nan ku zuba yashi a ƙafarku yana gani. Abin da Baba ya yi, yaro na son ya yi.

Kada kuma a ji wannan magana a ce mun ce a saki yara ba takalmi ko'ina. A'a. Ƙasar kasuwa, bakin kwata, bayan gida, da inda dabbobi ke kwana, nan wurin takalmi ne. Akwai tsutsar da ke zama a ƙasar da bahaya ya taɓa, ta huda fatar ƙafa ta shiga jiki, ta zauna a hanji tana shan jini har yaro ya yi fari fat. Saboda haka wurin wasa a share shi, a tsince kwalba da ƙusa, bayan wasa a wanke hannu da ƙafa da sabulu. In an zo makon lafiyar mata da yara, da ake yi sau biyu a shekara, mu kai su. Daga wata 12 ana ba yaro maganin tsutsar ciki kyauta, a kuma duba katinsa na rigakafi.

Yawancin yaran nan, da sannu abin ke wucewa. Amma akwai lokacin da ya kamata a je asibiti. In yaro ya kai wata 18 bai fara tafiya ba. In ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, ba ya kallon ido, ba ya nuna abu da yatsa. In ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya a da. In ƙin taɓin ya haɗa da tufafi da wanka da abinci, har ba ya cin komai sai abu ɗaya ko biyu, ko yana toshe kunne don ƙarar da ba ta dami kowa ba. Waɗannan kan zama alamar matsalar ji, ko larurar da ake kira galahanga. Likitan yara ne zai tantance, ba maƙwabciya ba. A fara da asibitin unguwa, su za su tura mu gaba. Zuwa da wuri yana taimakon yaro ƙwarai, kuma babu abin kunya a ciki.

Roƙonmu na ƙarshe gare mu ne duka. In kin ga 'yar uwarki a rumfa da yaro manne a baya, kada ki ce mata ta ɓata shi. Ki matsa mata gefen tabarmarki, ki turo naki yaran su zauna kusa, ki riƙe mata awo na minti biyar ta samu ta zauna da shi. Haɗin kan da muka yi a kan kuɗi, mu yi shi a kan 'ya'ya ma. Da rarrafe yaro kan tashi.

Allah Ya raya mana su, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya maimaita mana.